Ranar da Ƙofar Tasi'u Ta Riƙe Surukarsa

Tasi'u mai cajin waya na bakin tashar Birnin Gwari bai taɓa zama gaban kowa ya koyi gyaran ko da tocila ba, amma da bakinsa ya sa aka rubuta Injiniya a allon shagonsa, da jan fenti, har da zanen walƙiya a gefe. In ka kai masa waya caji, sai ya juya ta, ya girgiza kai, ya gaya maka wuraren da masu ƙera ta suka yi kuskure. Mutane sun saba. Suna karɓar wayarsu su tafi, shi kuma ya ci gaba da yi wa wanda ya rage bayani.

Wata tafiya da ya yi Kaduna ya dawo da makullin zamani, irin wanda ake ɗora wa yatsa ya buɗe, ko a taɓa waya ya janye sakatarsa da kansa. Ya kafa shi a ƙofar ƙarfe ta ɗakin matarsa Saliha. Wurin kafawar ya sa guduma inda ba a sa guduma, ya karya ɗan hannun da ake murɗawa daga ciki, ya ce dama don ƙauyawa aka yi shi, ga maɓalli nan ana dannawa. 'Yan makullan ƙarfe da suka zo cikin kwalin don ranar matsala kuwa, sai da ya tara maƙwabta ya jefa su rijiyar gidan a gabansu, ya ce zamanin rataya ƙarfe a wuya ya wuce. Gideon, maƙwabcinsa manomi, ya leƙa rijiyar ya ce Allah ya sa zamanin kada ya yi mantuwa ya dawo. Tasi'u ya ce masa ya je ya ji da dawarsa.

To, Saliha tana da cikin fari, ya kuma tsufa. Uwarta Inna Kadijatu ta aiko daga Tabanni cewa za ta zo ta tafi da ita goyon ciki, ta haihu a gabanta, ta yi wankan jego, sai ta ga dama ta dawo da ita. Tasi'u ya ji kamar an ce za a cire masa rufin ɗaki. Mutum ne da ko ruwan shayi ya ɗora sai ya ƙone tukunya, ga shi yana son matarsa, ko da yake ba ya faɗa sai dai ya ce ta iya sauraro. Ya tura wa dattawan Tabanni saƙo cewa gidansa ya fi kusa da asibiti, ya fi tsaro, kuma ƙofarsa ta fi wasu mutane hankali. Inna Kadijatu ta ce za ta zo ta ga ƙofar mai hankali da idonta. In gidan ya gamsar da ita, ta bar yarinya. In bai gamsar ba, Audi direba zai kwashe su kafin la'asar, don ba mai bin hanyar dajin nan da yamma.

Su Inna Kadijatu mutanen kunya ne na asali. A wajensu suruki ba ya tsayawa ido da ido da uwar matarsa. In ya hango ta, ya tuɓe takalmi, ya durƙusa daga nesa, ya gaisar da ƙasa, ya ɓace. Ita ma ba ta kiran sunansa, ba ta yi masa magana kai tsaye. Saliha kuma 'yar fari ce, saboda haka ita ma uwar ba ta kama sunanta, ba ta kuma doguwar magana da ita a gaban mutane. Gida ne da in su ukun suka haɗu, sai an nemo na huɗu kafin a ce a miƙo gishiri.

Wannan ne ya kawo wa Tasi'u dabara. Makullin yana magana, amma da Turanci, da muryar wata mace mai mura. A wani zauren intanet na masu gyaran waya da yake ciki ya samo manhajar da aka ce in an ɗora wa makullin zai koma gaisuwa da Hausa. Ya ce wa Saliha tunda kunya ta hana shi yi wa Inna jawabi, ƙofa za ta yi a madadinsa, kuma tsohuwar da ƙofa ta gaisar ba za ta ƙara maganar Tabanni ba. Saliha ta ce ya bari sai baƙuwa ta tafi. Ya ce filashin, wato ɗora sabuwar manhaja, ai shan ruwa ne, ya yi wa wayoyin da suka fi wannan taurin kai.

Inna ta iso da hantsi a motar Audi, ta bar ƙullin kayanta a ciki. Aka yi mata shimfiɗa a inuwar zaure, ta sha ruwa, ta fita kewayawa bayan gida. Tasi'u ya ga dama ta samu. Ya lallaɓo ya tsuguna gaban ƙofar, ya haɗa wayarsa da makullin, ya danna. Wani layi ya fara tafiya a fuskar wayar, a ƙarƙashinsa an rubuta kada a matsa da waya daga wurin sai layin ya cika. Ya karanta, ya gane, har ya fassara wa Saliha da murya mai ƙarfi don Gideon ya ji ta katanga.

Layin ya kai wajen rabi sai ga Inna Kadijatu ta ɓullo ta kwanar rumbu da buta a hannu, ta nufo ɗakin kai tsaye.

Ƙafafun Tasi'u ba su yi shawara da shi ba. Ya watsar da takalmi, ya durƙusa, ya gaisar da ƙasa, ya zabura ya yi zaure, daga zaure ya yi waje, bai tsaya ba sai gindin dalbejiyar ƙofar gida. Wayar tana hannunsa. Da ya duba, layin ya tsaya cik, ya koma ja.

Inna kuwa ta shiga ɗakin 'yarta ta duba gado da kwanuka, ta turo ƙofa don ta gyara ɗaurin zane. Sakata ta faɗa ƙarau. Fitilar makullin ta yi fari, ta yi shuɗi, ta mutu.

Saliha ce ta fito ta same shi, ta ce Inna ta danna maɓallin ciki har yatsanta ya gaji. Tasi'u ya ce ba komai, tsari ne, makullin yana tantance baƙo. Ya dawo ya ɗora babban yatsa. Shiru. Ya goge a riga ya sake. Ya lasa ya sake. Ya gwada na hagu, ya gwada ɗan ƙaramin, ya ce wa Saliha ta kawo nata. Ya ɗan buga makullin da tafin hannu irin yadda ake yi wa rediyo, sai abin ya farka ya saki jiniya, wani kuka mai tsinin da ya sa kajin gidan suka haye katanga.

A garin da kunnen kowa yake a tsaye, ba a wasa da jiniya. Kafin ka ce me, masu shago sun fara jan ƙofofi, mai rake ya bar baronsa, maza sun fito da gora. Gideon ya diro ta katanga da fartanya, matarsa Alice, wadda unguwa ke kira Maman Praise, tana bayansa da muciya. Suka tarar ba kowa sai Tasi'u tsugune, ya toshe bakin makulli da hularsa.

Da jiniyar ta gaji ta yi shiru, sai aka ji muryar Inna Kadijatu ta taga, a natse, tana magana da bango. Ta ce wa bangon ita dai ta zo ganin ƙofa mai hankali, ta kuma gani, ko bangon zai taimaka ya tambayi masu gidan yaushe ake sallamar fursuna.

Tsakar gida ta cika. Tasi'u ya miƙe ya yi wa jama'a bayani cewa ƙwaƙwalwar makullin ce aka juye rabi, sabuwar ba ta gama shiga ba, tsohuwar kuma ta riga ta fita. Gideon ya ce to ai ya san mutum mai irin wannan lalurar, yana ma tsaye a gabansa. Ya ce a kawo masa gatari ya sare madogarar ƙofar a huta. Tasi'u ya baje hannuwa ya tare ƙofar, ya ce sai dai a sare shi. In aka fasa ƙofar nan a gaban Inna, magana ta ƙare, Saliha ta tafi Tabanni.

"To ɗauko ɗan makullin mana, Injiniya," in ji Alice. "Au, na manta. Zamaninsa ya wuce."

Haka aka koma bakin rijiya. Tasi'u ya farke tsohuwar sifika ya ciro mayen ƙarfenta, ya ɗaura a igiyar guga, ya ce kimiyya za ta yi aikinta. Jefawar farko ta fito da cokali. Ta biyu ta fito da murfin kwano da ƙusa. Ta gaba ta fito da ludayin ƙarfe, Alice ta yi tsalle ta ce nata ne, wanda Saliha ta rantse ta mayar tun bikin Kirsimeti. Saliha ta ce ita ta ba Tasi'u ya miƙa. Aka bar maganar fursuna aka shiga shari'ar ludayi, har sai da Inna ta gaya wa bango cewa lokacin azahar ya yi, kuma butarta ba ruwa.

Aka miƙa mata ruwa ta ƙarafen taga a gorar lemo, don buta ta ƙi shiga. Aka bi da tuwo a leda, miya a kofi. Tasi'u ya ga rana tana karkata, ga Audi direba ya dawo ya jingina da motarsa yana duba sama. Ya tuɓe riga ya ce a zura shi rijiyar da kansa. Gideon da wasu maza biyu suka riƙe igiya. Ya sauka yana ba da umarni, ya taɓa ruwa umarnin ya koma salati. Ya lalubi laka ya fito da ƙarfe a hannu yana murna, aka jawo shi, aka duba, ashe mabuɗin gwangwanin kifi ne. Wayarsa ce kawai ta tsira, don Saliha ta zare ta daga aljihunsa kafin ya sauka.

A wayar ne, yana ɗigar ruwa, ya sake shiga zauren masu gyara ya karanta abin da ya kamata ya karanta tun farko. Makullin bai mutu ba. Ana iya tashinsa. Sai an buɗe murfin batir, an cire batir ɗin, an danna wani ɗan maɓalli da ke cikin rami kamar hancin allura, ana riƙe da shi a mayar da batir, har fitila ta fara ƙiftawa. Daga nan sai a sake ɗora manhajar daga farko. Murfin batir ɗin kuma yana ciki. Ba mai iya wannan aiki sai Inna Kadijatu.

Tasi'u ya dubi Saliha. Saliha ta ce kada ma ya fara, ita 'yar fari ce, ba za ta tsaya a taga gaban rabin unguwa tana ce wa Inna danna nan, saki can ba. Shi kuwa ko a mafarki. Aka rasa mai magana sai Alice, wadda ba ta haɗa kunya da kowa a gidan ba, kuma har yanzu tana riƙe da ludayinta.

Aka jera. Tasi'u ya tsuguna bayan turmi ya juya wa taga baya, yana faɗa wa Alice. Alice ta tsaya a taga tana isarwa, da ƙarin nata. In ya ce a gaya wa Inna ta zare murfin a hankali, sai Alice ta ce, Mama, wanda ya kulle ki ya ce wai ki yi a hankali. In ya ce a ce mata aikin ba wuya, sai ta ce wai ya ce ko shi ma zai iya. Wani wurin ta juya ta faɗa wa mijinta wata magana da Gwaranci, su biyu su yi ta dariya, Tasi'u yana tambayar me aka ce.

Inna ta cire murfin da bakin cokali. Ta ciro batiran. Can sai ga muryar mai labarai tana tashi daga cikin ɗakin. Alice ta leƙa ta dawo ta ce Mama ta zuba su a rediyonta, ta ce nata sun yi sanyi tun a hanya, a bari a gama labarai.

Aka bari. Ba yadda za a yi. Jama'a suka saurari labaran duniya tare da ita, har da farashin hatsi. Audi ya shigo ya ce shi fa in inuwar katangar nan ta taɓa turmi zai tafi, da fasinja ko babu. Nan Tasi'u ya ɗan ji sanyi a ransa, don ya lissafa cewa in Audi ya tafi ba mai ɗaukar Saliha yau. Har ya fara cewa a bar Inna ta huta, ba sauri ake ba. Inna ta gaya wa bango cewa akwai gobe, akwai jibi, kuma motar Audi ba ita kaɗai ce a duniya ba.

Aka dawo kan aiki. Ashana ta yi kauri, allura ta karye. Inna ta zari tsinke daga tsintsiyar 'yarta, ta soka, ta riƙe, ta mayar da batir da ɗaya hannun, ta gaya wa bango abin yana mata ƙifce kamar ɗan iska. Tasi'u ya yi rarrafe ya matso gindin ƙofar, ya haɗa waya, layi ya fara tafiya. Wannan karon Gideon ya zauna a kan ƙafafunsa, wani ya danne masa kafaɗa, don ko Inna ta yi tari kada ya zabura.

Layin ya cika. Fitila ta yi kore. Makullin ya yi gyaran murya, da Hausa kuwa, ya ce a ɗora yatsan mai gida.

Tsakar gida ta ɗauki sowa. Nan take Tasi'u ya warke. Ya ture Gideon, ya miƙe, ya sa a miƙo masa rigarsa. Ya juya ga jama'a ya ce su shaida, abin da injiniyoyin Kaduna za su kwana suna yi, ya gama shi da tsinken tsintsiya. Ya yi musu bayani cewa makullin yanzu kamar jariri yake, ya manta kowa, yatsan da ya fara hawa kansa shi ne mai gida har abada, shi kaɗai zai iya ƙara wani ko ya cire wani. Ya ɗaga babban yatsansa sama ya zagaya da shi don na baya su gani. Ya goge shi a hula. Ya ce Gideon ya matsa, ƙurar gona tana hana na'ura aiki.

Yana cikin wannan jawabi Inna Kadijatu, da ta gaji da jira, ta danna maɓallin ciki. Sakata ta janye. Ƙofa ta buɗe, ga ta tsaye da rediyo a hammata, ga surukinta a gabanta da yatsa a sama, tsakaninsu bai fi taku ɗaya ba.

Tasi'u ya zube. Ya nemi takalmin da zai tuɓe ya tarar tun safe ba ya sanye da shi. Ya ja da baya da gwiwa, ya ci karo da turmi, ya tashi ya yi zaure. Inna kuwa ƙafarta ta yi tsami da zama, ga dokin ƙofar da tsawo. Ta kama hannun ƙofar ta waje don ta tsallaka, babban yatsanta mai lalle ya sauka daidai kan ɗan gilashin.

Makullin ya yi ƙara mai daɗi, ya ce, "An karɓa. Sannu da zuwa, mai gida."

Inna ta dubi ƙofar sama da ƙasa. Karon farko a ranar ta yi magana da wani abu ba bango ba. Ta ce, "Yawwa. Sannunki dai."

Daga zaure Tasi'u ya turo saƙo ta bakin Alice cewa kuskure ne ƙarami, za a sake cire batir a danna ramin nan, komai ya goge. Inna ta ce a tambayi mai saƙon wa zai shiga ya danna. Ta sa aka sauko da ƙullin kayanta daga motar Audi, aka shigar ɗakin, ta ce wa Audi ya kama hanya tun da rana.

Sannan ta zauna a kan turmin ta yanke hukunci, tana kallon Alice. Ta ce gaskiya ne gidan ya fi kusa da asibiti, ba za ta ɗora mai tsohon ciki a hanyar daji ba. Yarinya ta zauna. Amma ba za ta bar ta a bayan ƙofar da mai ita yake gudu ya bar ta a rabi ba. Tunda ƙofar ta san wanda ta zaɓa, ita za ta zauna a ɗakin, ta karɓi haihuwa, ta yi wankan jego, ta ga jariri ya yi ƙwari. Ta kira 'yarta da "ke", ta sa ta ɗora yatsa aka ƙara ta. Ta ƙara Alice, saboda dare ko rana. Gideon ya miƙo nasa don wasa, ta ƙara shi.

Suruki ba ya taka ɗakin da surukarsa take kwana, ba ya kuma zaman tsakar gidan da take shan iska. Kafin magariba aka ga Tasi'u ya fito da tabarma a hammata da filo a ka, ya nufi shagon caji. Masu shayin bakin tasha suka tare shi suna tambayar yadda aka ƙare. Ya ajiye tabarmar, ya gyara tsayuwa, ya ce ai yadda ya tsara haka aka yi. An zo tafiya da matarsa, ga mota ta koma ba kowa, matarsa tana nan a gidansa.

Alice tana wucewa da tiren masa a kai. Ba ta ko tsaya ba.

"Gidan wa?" ta ce.